Zuwa aiki a kan keke cikin hunturu: in ci gaba ko in jingine shi?

"Assalamu alaikum Malam. Tun watan Afrilu nake zuwa wurin aiki a kan keke, kilomita 8 zuwa, 8 dawowa, kuma na ji daɗin abin ƙwarai. Yanzu hunturu ya kawo jiki, gari ba ya wayewa da wuri, rana tana faɗuwa tun kafin mu tashi daga aiki, an kuma ce dusar ƙanƙara tana tafe. Abokan aikina suna cewa ganganci ne mutum ya hau keke a wannan yanayi. Shin in jingine shi sai sanyi ya wuce, ko akwai yadda zan yi in ci gaba ba tare da na jefa kaina cikin haɗari ba? Kuma da gaske akwai wani daɗi a ciki, ko taurin kai ne kawai?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka gida biyu ce: ta farko, ko mutum zai iya yin kilomita 16 a kullum a kan keke cikin hunturu ya kuma koma gida lafiya, ta biyu, ko wahalar ta cancanci a sha ta. Wannan ne hunturuna na 14 ina zuwa aiki a kan keke, kuma da yake gyaran kekuna ne sana'ata, ina ganin abin da yanayin ke yi wa mahayi da abin da yake yi wa ƙarfen da ke ɗauke da shi. Shawarata ita ce ka ci gaba, da sharaɗin ka san inda haɗarin yake. Abokan aikinka sanyi suke tsoro, domin shi suke ji a fuska tsakanin ƙofar gida da ƙofar mota, alhali a cikin matsalolin mai keke babu mai sauƙin magani kamarsa. Abin da na ga yana kai mutane ƙasa, wani lokaci har asibiti, shi ne santsin ƙanƙara da duhu, kuma a kansu ya kamata ka fi kashe kuɗi da hankali.

Sanyi da gumi

Daga cikin ƙarfin da jiki ke ƙonawa, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai ke isa feda, sauran duk zafi yake zama, don haka mai keke tamkar da murhunsa yake tafe. Wanda ke tsaye a tasha yana jiran bas ya fi ka shan sanyi nesa ba kusa ba. Sai dai murhun ba ya kamawa sai bayan kamar minti 10, kuma sabon shiga yakan yi shiri ne saboda waɗannan mintocin na farko, ya manta da sauran tafiyar. Ni ma haka na yi a hunturuna na farko. Na zura babbar rigar sanyi a kan rigar auduga, na fito ina jin daɗi, amma kafin in ci rabin hanya bayana ya jiƙe sharkaf. Da jar fitila ta tsayar da ni a wata mahaɗa, iska ta ratsa, sai na ji kamar an manna mini jiƙaƙƙen tsumma a gadon baya, na isa wurin aiki haƙorana suna haɗuwa. Ruwa yana zuƙe zafin jiki fiye da iska kusan sau 25, ita kuwa auduga idan ta sha gumi ba ta sakin sa.

Maganin shi ne sutura hawa uku marasa kauri: ta ciki ta ulu ko yadin roba mai fitar da gumi, ta tsakiya mai riƙe ɗumi, ta waje mai tare iska da ruwa, wadda ke da zif da za ka iya zugewa idan ka fara hawan tudu. Ni ma'aunina ɗaya ne, idan na fito ƙofa ban ji ɗan sanyi ba, na san na cika kaya, sai in koma in rage.

Iska ita ke ƙara wa sanyi kaifi, kuma mai keke da kansa yake haddasa ta. Bisa lissafin da hukumomin yanayi na Amurka da Kanada suka fara amfani da shi a 2001, idan ma'aunin Salshiyas yana kan sifili kana gudun kilomita 20 a awa, fatarka tana jin kamar digiri 5 ƙasa da sifili. Idan kuwa digiri 10 ne ƙasa da sifili, ka gangaro tudu da gudun kilomita 30, abin ya koma kamar 20 ƙasa da sifili. Wuraren da suka fi jin jiki su ne yatsun hannu, yatsun ƙafa da kunnuwa, domin idan jiki ya ji sanyi yakan tsuke jijiyoyin jinin gaɓoɓin nesa don ya tsare ɗumin ciki. Shi ya sa safar hannu mai matsewa ta fi cutarwa a kan amfani, haka ma cusa safa biyu cikin takalmin da ya yi maka daidai. Ka nemi takalmi mai ɗan sarari da ba ya shan ruwa, da safar hannun da ke haɗa yatsu biyu-biyu a aljihu ɗaya amma take barin ka kama birki, da siririyar hula mai rufe kunne a ƙarƙashin hular kwano. Akwai kuma wata jakar hannu da ake ɗaurawa a kan keke, mutum ya zura hannuwansa ciki har da mariƙin birki. Ba ta da kyan gani ko kaɗan, amma tun da na fara amfani da ita ban sake tsayawa a hanya ina hura yatsuna ba.

Santsi, wanda shi ne babban batun

Mutane sukan ɗauka dusar ƙanƙara abu ɗaya ce, alhali hanyar hunturu iri-iri ce, kowace da halinta. Sabuwar dusa da ba ta wuce santimita kaɗan ba tana da daɗin hawa, taya tana nutsewa ta kama ƙasa. Wadda aka taka ta danƙare cikin tsananin sanyi ma tana da riƙo, kana jin tana ƙara a ƙarƙashin taya. Caɓin da ya fara narkewa yana jan wilin gaba gefe, yana kuma jiƙa ƙafa. Idan wannan caɓin ya kwana ya daskare da sawun tayoyin jiya a jikinsa, sai hanya ta koma kwaruruka masu tauri waɗanda ke kama taya su hana ka juya kan keke. Mafi sharri a cikinsu ita ce siririyar ƙanƙarar da ke shimfiɗe a kan kwalta ba a ganin ta, wadda ido ke ɗauka jiƙa ce kawai.

Ita ce ta kayar da ni a hunturuna na uku. Safiya ce mai haske, babu dusa ko ɗigo a ƙasa, wayata ta nuna digiri 2 sama da sifili, saboda haka na fito da tayoyina na yau da kullum ba tare da wata fargaba ba. Akwai wata gada a hanyata mai ɗan lanƙwasa a ƙarshenta. Na shiga lanƙwasar na taɓa birkin gaba kamar yadda na saba, kuma ban san lokacin da na faɗi ba, sai dai na ga kaina kwance a kan kwatangwalo, keken yana sulalewa can gaba, fitilarsa tana haska shingen gada. Da na yunƙura zan tashi takalmina ya sake zamewa, sai da na rarrafa zuwa gefe. Na shafa kwaltar da safar hannu, na ji ta sumul kamar gilashi. Mako biyu na yi ina ɗingishi.

Dalilin abin a fili yake ga wanda ya sani. A daren da babu gajimare ƙasa tana sakin zafinta zuwa sama, har fuskar titi ta fi iskar da ke samanta sanyi, saboda haka raɓa tana iya daskarewa ko da hasashen yanayi ya ce digiri 2 ko 3. Gada kuma ita ke fara daskarewa, domin iska mai sanyi tana bi ta samanta da ƙarƙashinta, babu ƙasar da za ta ba ta ɗumi. Haka ma wuraren da inuwar gini ko ta itatuwa ke rufewa, da gefen kogi, da murfin magudana na ƙarfe, da farin fentin da aka ja a titi, da layin dogo na jiragen cikin gari. Wannan ne ya sa na fi tsoron ranar da ma'auni ke kai-komo a kusa da sifili, ana narkewa da rana ana daskarewa da dare, fiye da ranar da ya tsaya cak a 10 ƙasa da sifili.

Salon tuƙi dole ya canja. Ka rage gudu tun kafin ka kai kwana, ka gama taka birki keken yana miƙe, sannan ka juya a hankali ba tare da kwantar da shi ba. A wuri mai santsi ka fi dogara da birkin baya, domin idan tayar baya ta zame akwai damar ka gyara, idan kuwa ta gaba ce, kafin ka yi tunani ka kai ƙasa. Idan ka tsinci kanka a tsakiyar ƙanƙara kada ka taka birki, kada ka juya, ka saki jiki ka bar keken ya wuce da kansa. Ka ɗan sauke sirdi yadda ƙafarka za ta taɓa ƙasa da sauri, ka kuma rage iskar taya kaɗan don faɗinta ya fi kama hanya. A nan sai ka tuna cewa tayar da aka yi wa famfo cikin ɗaki mai digiri 20, idan aka fito da ita cikin 10 ƙasa da sifili, ƙarfin iskarta yana raguwa da kansa da kusan kashi 10 cikin 100.

Duk wannan dabara ba ta kai taya mai ƙusoshi ba. Taya ce da aka dasa wa ƙananan ƙusoshi masu kan ƙarfe mai tsananin tauri, waɗanda ke cizon ƙanƙara, kuma wasu daga cikin na kamfanin Schwalbe suna ɗauke da har 240. Kamfanin yana ba da shawarar a fara tafiyar kimanin kilomita 40 da su a kan busasshiyar kwalta, ba tare da birki mai ƙarfi ba, don ƙusoshin su zauna. Suna da nauyi, suna rage gudu, suna kuma ƙara kamar ana tafiya a kan tsakuwa, kuma ba su da wani amfani a cikin dusa mai zurfi, amma a kan ƙanƙara bambancinsu da taya ta yau da kullum kamar dare da rana ne. Idan guda ɗaya za ka iya saya, ka sa ta a gaba. Sai ka kiyaye abu guda: ƙusoshin suna jikin taya ne, ba sa jikin takalminka, kuma na san mutane da yawa da suka tsaya lafiya lau sannan suka faɗi a lokacin da suka sauke ƙafa.

Gaskiyar da ba kowa ke son faɗa ba ita ce, rabin amsar tambayarka yana hannun masu kula da hanyoyin garin da kake. Birnin Oulu na ƙasar Finlan yana kusa da da'irar Aktik, wato can ƙuryar arewacin duniya, yana shafe watanni cikin dusa, amma a can aka yi taron farko na duniya kan hawa keke a hunturu a 2013. A 2019 wani hoto da injiniya Pekka Tahkola ya ɗauka ya zagaya duniya, na wata makaranta inda kimanin ɗalibai 1,000 cikin 1,200 ke zuwa a kan keke, a ranar da ma'auni ya nuna digiri 17 ƙasa da sifili. Yaran nan ba su fi na ko'ina juriya ba. Garin ne yake da hanyoyin keke na fiye da kilomita 800, yawancinsu a ware daga na motoci, ana kuma share manyansu cikin 'yan awoyi bayan zubar dusa, a bar fuskarsu a danƙare a daidaice. A wasu garuruwan kuwa motar share dusa layin keke take mayarwa juji, ta tura masa dusar titi. Saboda haka ka bi hanyarka da ido, ka gano wace ake sharewa da wuri, ko da za ta ƙara maka kilomita ɗaya ko biyu.

Duhu

A Landan, a ƙarshen Disamba, hasken rana bai kai awa 8 ba, kuma tana faɗuwa kafin ƙarfe 4 na yamma. A Oulu bai kai awa 4 ba. Ke nan zuwa da dawowa duk cikin duhu za ka yi su, a daidai lokacin da gilashin direbobi ke cike da tururi da feshin gishirin da ake zubawa a titi. Farar fitila a gaba da ja a baya wajibi ne, kuma a ƙasashe da dama, irin su Birtaniya da Jamus, doka ce. Ni ina sa biyu a baya, domin idan ɗaya ta mutu ba za ka sani ba sai ka isa gida. Ka karkata ta gaban ƙasa kaɗan don kada ta kashe idon mai tahowa. Binciken da Farfesa Joanne Wood da abokan aikinta suka yi a Ostireliya ya nuna cewa direbobi sun fi saurin gane mai keke idan an ɗaura abu mai ƙyalli a idon sawunsa da gwiwarsa fiye da idan riga mai ƙyalli kaɗai ya sa, domin ido yana saurin gane motsin ƙafar mutum. Ɗan madauri mai ƙyalli a ƙafa ba shi da nauyi, ga shi yana hana wando shiga sarƙa.

Batirin fitila yana saurin ƙarewa cikin sanyi, haka ma na keke mai lantarki. Ka riƙa shigar da shi ɗaki, kada kuma ka yi cajin batirin litiyam yana ƙasa da sifili, domin hakan yana lalata shi. Wannan ne ya sa na koma dainamo na cikin cibiyar wili, mai ba fitila wuta daga juyawar wilin, wanda ba ruwansa da caji.

Abin da hunturu ke yi wa keken

Gishirin da ake zubawa a titi don narkar da ƙanƙara shi ne babban abokin gabar ƙarfe. Duk shekara, da sanyi ya fara ja da baya, ana kawo mini kekuna masu sarƙar da ta yi ja ta ƙage, da robar birkin da yashi ya cinye har ƙarfe ya fara gurzar rim. Minti biyu da tsumma bayan kowace tafiya mai caɓi, da ɗigon mai a sarƙa sau ɗaya a mako, sun isa su hana mafi yawan wannan. Ka sa cikakken madigadi gaba da baya, shi ne zai tsare ƙafarka da bayanka da sarƙar gaba ɗaya. Idan ruwa ya shiga bututun wayar birki ko ta giya zai iya daskarewa cikin dare, saboda haka ka matsa birki biyun ka gwada tun kana ƙofar gida. Kwaɗon kulle keke ma yana daskarewa, ɗan mai a ramin makulli yana hana shi. Idan kana da keke mai tsada da kake ji da shi, ka ajiye shi, ka nemi tsoho mai ƙwari ya ci gishirin.

To, ina daɗin?

Akwai shi, kuma ba taurin kai ne kawai ba, ko da yake ba zan ce babu ɗan taurin kan a ciki ba. Na farko shi ne tabbas: tafiyata ta minti 30 takan koma 38 ko 40 a hunturu, saboda nauyin taya da kaya da kuma iskar sanyi da ta fi ta zafi kauri, amma ba ta wuce haka, alhali a ranar da dusa ta zuba motoci sukan yi cirko-cirko, bas kuma sai lokacin da ta ga dama. Na biyu lafiya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako, kai kuwa tafiyarka kaɗai ta cika wannan, a watannin da yawancin mutane ke lafewa a ɗaki. Wani bincike na Jami'ar Gilasgo da aka buga a 2017, wanda ya bi mutane fiye da 260,000 a Birtaniya, ya samu cewa haɗarin mutuwa a tsawon shekarun binciken ya yi ƙasa da kashi 41 cikin 100 ga masu zuwa aiki a kan keke idan aka kwatanta da masu zuwa a mota ko bas. Alaƙa binciken ya nuna, bai ce keken kaɗai ne sanadi ba, amma alaƙar ba ƙarama ba ce.

Abin da ya fi riƙe ni kuwa ba ya cikin lissafi. Safiyar da dusa ta kwana tana zuba, gari yakan yi tsit, domin sabuwar dusa tana shanye ƙara. Ka fito fitilarka tana haska farar hanya da babu sawun kowa sai na wani tsuntsu, ba ka jin komai sai numfashinka da ƙarar taya, gabas kuma ta fara yin ja a bayan gine-gine. Ka isa wurin aiki kumatunka da zafi, jikinka a warware, ka tarar da waɗanda suka ce ka yi ganganci suna ƙudundune cikin riguna suna hamma. Ba kowace rana ce haka ba. Akwai ranakun ruwan sama mai sanyi da iska a fuska, waɗanda a wurina sun fi kowace dusa wuya, kuma a irinsu babu abin da nake tunani sai in isa.

Iyakar abin da zan iya faɗa maka

Ni bakanike ne, ba likita ba. Iska mai sanyi da bushewa tana tayar da asma, sanyi kuma yana tsuke jijiyoyin jini ya ɗaga hawan jini, don haka idan kana da ciwon zuciya, ko asma, ko yatsunka suna yin fari su mutu da ɗan sanyi kaɗan, ka ga likita kafin ka ɗauki maganata. Haka kuma ban ga hanyarka ba, kilomita 8 a keɓaɓɓiyar hanyar keke daban take da kilomita 8 a gefen babban titi tsakanin manyan motoci.

Akwai ranakun da ni kaina nake barin keken a gida: ranar da aka yi hasashen ruwan sama mai daskarewa da zarar ya taɓa ƙasa, ranar guguwa mai ture mutum gefe, ranar da dusa ta yi zurfi ba a share ba, da ranar da sanyi haɗe da iska ya kai kimanin 28 ƙasa da sifili, inda hukumar yanayi ta Kanada ke gargaɗin cewa fatar da ke buɗe tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. A hunturu ɗaya irin waɗannan ranaku ba su da yawa, kuma shiga bas a cikinsu bai rage komai daga sauran ba. Ka fara da ranar hutu, da rana, ka bi hanyar aikinka a hankali kana lura da gada da kwana da inuwa, ka gwada birki a fili inda babu mota. Bayan haka ka riƙa duba hasashen yanayi tun da dare, musamman mafi ƙarancin sanyin asuba, ka ajiye busasshiyar riga da safa a wurin aiki, ka kuma nemi inda za ka shanya safar hannunka ta bushe kafin lokacin tashi.